Bindigar Da Ba A Kasa Ta A Kurmi

A farkon watan Fabrairu na 1851 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda a ƙasashen Musulmi yake amsa sunan Abdulkarim, ya shigo birnin Kano. Mutum ne mai son lissafi. Ya bi cinikin garin yana ƙididdigewa kamar wanda zai kama rumfa a Kurmi: baƙin rini da ake kaiwa har Timbuktu, goron Gwanja, kanwa, gishiri, takalma, bayi. Da ya zo kan makamai sai ya ce abin da ya fi shigowa shi ne ruwan takobi daga garin Solingen na Jamus. Ya ƙiyasta kusan 50,000 a shekara, a yi musu ƙota da kube a nan Kano, a sake fitar da da yawa daga cikinsu zuwa wasu ƙasashe. Bindiga kuwa kaɗan ya gani, ko da yake ya ji an fara shigo da masu araha ta hanyar Nufe. Sannan ya ƙara wata 'yar magana: ƙananan bindigogin hannu ba a kasa su a kasuwa, fatake ne ke kai wa 'ya'yan sarki da manyan gari a asirce.

Shekara 170 da ɗoriya ke nan, har yau ƙaramar bindiga ba ta sake hali ba a Kano: ana jin labarinta, ba a cika ganinta ba. Abin da ya ƙaru shi ne masu ra'ayi a kanta. Yaron da bai taɓa riƙe ko bindigar toka ba zai tsare ka a majalisa, waya a hannu, ya rantse Glock ta fi Beretta, wani ya ce ai Colt ce uwarsu, don sun gani a fim ko sun harba a wasan kwamfuta. Ba na raina gardamar. Tambayar wane makami ya fi wani tsohuwa ce a cikin ganuwar nan, an kuma yi ta a zamanin da amsarta kan ɗora sarki ko ta tuɓe shi. Sai dai mutanen da, in suna auna bindiga, ba su tsayawa kan yawan harbinta. Sukan tambayi wa zai gyara ta in ta lalace, ina za a samo abin ɗura mata, kuma a hannun wa za ta kwana.

Sunayen kansu suna nuna hanyar da abin ya biyo. Bindiga, albarushi da harsashi duk daga Larabci muka aro su, wato ta Sahara da Barno muka fara jin labarinsu tun kafin kayan bakin teku su iso. Tarihin Sarakunan Kano, wanda masu karatun Hausa suka sani ta littafin Hausawa da Maƙwabtansu, ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda, a farkon ƙarni na 15, cikin kayan da wani ɗan sarautar Barno mai suna Dagaci ya zo da su. Masana da yawa suna ganin wannan ya yi wuri ƙwarai, mai yiwuwa marubucin ya ɗauki abin zamaninsa ya kai baya. Abin da ya tabbata shi ne a ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno yana da Turkawa 'yan bindiga da kuma bayin gidansa da aka koya wa harbi, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. A Kano kuwa tarihin ya ce a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743) aka shigo da garkuwoyi da bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa.

A lura da wannan: tsaron sarki aka fara ba su, ba a ce su je su ci gari ba. Dalili kuwa, bindigar wancan zamani ba ta da abin da za ta yi wa baka gori. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a danna, a saka dalma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa, a ɗana ƙanƙara, sannan a ja kunama a yi fatan ta tashi. Kafin ɗan bindiga ya gama wannan hidima, gwanin baka ya saki kibiya biyar ko shida, kowace da dafi. In damina ce albarushi ya sha sanyi, bindiga ta zama sanda. In an cika mata ɗuri ta fashe, mai ita take fara ci. Ba a banza bakin mutane ya raɗa wa irinta suna harba-ka-ruga ba. Kibiya kuwa kara ne da ɗan ƙarfe, kowane ƙauye akwai mai yin ta. A Tafkin Kwatto, 1804, 'yan baka ne ƙashin bayan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da suka karya dawakin Gobir.

Su ma masu son bindiga suna da hujja. Harsashi yana huda lifidin da kibiya kan maƙale a ciki, ƙara da hayaƙi suna firgita dokin da bai saba ba, kuma ana iya koya wa bawa harbi cikin 'yan makonni, alhali gwanin baka tun yana yaro yake farawa. Hugh Clapperton, Baturen Ingila da ya zo Kano a 1824 ya kuma dawo a 1826, ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Gobirawa a Konya. Cikin dubban mayaƙa, bindigogin da ya ƙirga ba su wuce 40 da 'yan kai ba. Amma ya ce bindiga guda ɗaya tak da ke cikin garin ta kayar da na gaban 'yan lifidi. Kowane ɓangare na gardamar zai iya kafa hujja da wannan yini: ɗaya ya ce ga shi an yi yaƙi ba da ita ba, ɗaya ya ce ga abin da guda ɗaya ta yi.

Ƙaramar bindiga fa, ina take a duk wannan? Tana cikin kayan gaisuwa. Cikin tsarabar da Clapperton ya kai wa Bello a 1824 akwai ƙananan bindigogi. Barth ma da ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, abin da ya fi faranta wa sarkin rai cikin kyautarsa shi ne ƙananan bindigogi biyu masu adon azurfa. Kayan ƙawa ne na manya, kamar alkyabba. A fagen fama barde ya fi amincewa da mashinsa da takobinsa, don harbi ɗaya za ta yi masa, shi ma sai abokin gaba ya matso kusa, kuma ba a ɗura ta a kan doki mai sukuwa.

Akwai kuma wani abu da ba a faɗa a fili. Baraden Kano 'ya'yan sarauta ne da hakimai, darajarsu a kan doki take. Makamin da zai ba talaka ko bawa ikon kayar da mai lifidi daga nesa ba abin so ba ne a wurinsu. Shi kuwa sarki, wannan ne ya sa ya so shi. Saboda haka a ƙarni na 19 bindiga ta zauna a hannun bayin sarki, albarushi a ajiye a fada, a fitar da shi da izini. Hakimi yana da dawakinsa da mutanensa, amma wuta ta sarki ce. Masanin tarihi Joseph Smaldone ya nuna yadda a ƙarshen ƙarnin wannan tsari ya ƙara wa sarakuna da bayinsu ƙarfi a kan masu sarautar gado. A ganina nan ne gardamar ta fi zafi, ko da yake ba a yi ta da baki ba: wanda ya riƙe mabuɗin ɗakin albarushi ya fi wanda ya iya saiti.

Maƙwabta ne suka tilasta wa Kano ta ɗauki abin da gaske. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa, ya sa ana haɗa albarushi, har ana zuba igwa a Zinder. A gabas Rabeh ya ci Barno a 1893 da runduna mai horo wadda bindiga ce makaminta na farko. A shekarar ce kuma Kano ta faɗa Basasa, bayan rasuwar Sarki Bello, da Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka fice suka bi Yusufu. Yusufu ya rasu kafin a gama, ƙanensa Alu ya karɓi tuta, ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Laƙabin da ya bi Alu har yau shi ne Mai Sango, sango kuwa ɗan mashi ne da maharba giwa ke ɗurawa a bindiga. Sarkin da bindiga ta shiga cikin sunansa ke nan. Duk da haka bai ji da daɗi ba a hannun Damagarawa na Amadu Kuran Daga, waɗanda suka shigo ƙasar Kano suka gwabza da shi a Gezawa.

Yayin da ake wannan, an riga an yanke wa Kano hukunci a wani gari da mutanenta ba su taɓa ji ba. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Brussels wadda ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani masu ɗuri ta baya. Abin da aka bari a sayar shi ne tsohuwar mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. An ce don a kashe cinikin bayi aka yi. Ko ma mene ne nufin, sakamakon ya bayyana ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da Kanar Morland ya iso bakin ganuwa daga Zariya da sojoji 'yan ɗaruruwa, da yawansu Hausawa, da igwa huɗu da bindiga mai jigida samfurin Maxim huɗu. Alu yana hanyar Sakkwato da manyan mayaƙansa, ya bar gari a hannun amintattun bayinsa, ciki har da Sarkin Shanu. Ganuwa ta yi abin da aka gina ta dominsa, igwa ba ta iya rusa ta ba. Ƙofa aka nema, aka fasa ta wajen Kabuga. Bisa ƙiyasin Turawa mutanen Kano kusan 300 suka mutu, su kuwa ba su rasa kowa ba, sai 'yan raunuka. Makonni uku bayan haka, a Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu da barade suka yi ta kai hari kan wani ɗan gungun sojoji da bai kai mutum 50 ba, suka kasa fasa shi, Waziri ya faɗi a nan. Karen bana shi ke maganin zomon bana, Kano kuwa an hana ta sayen karen.

Kada dai a ɗauka baka ta mutu ranar. A Burmi, cikin Yulin 1903, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, shugaban rundunar da ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru. A Satiru kuma, 1906, talakawa masu gatari da fartanya suka afka wa sojoji kafin su daidaita sahu, suka kashe Turawa uku, suka ƙwace Maxim ɗin ma.

To, a ƙugun hafsoshin da suka shigo ta Kabuga ne za mu sake haɗuwa da ƙaramar bindiga, kuma a daidai lokacin su ma suna cikin tasu gardamar. Abin da sojan Ingila ya amince da shi tun 1887 shi ne libarba samfurin Webley: ganga mai ramuka shida tana juyawa, kowane rami da harsashinsa mai kauri. Nauyi gare ta, harbi shida ne kawai, amma ba ta da shagwaɓa. In harsashi ɗaya ya ƙi tashi, ka sake jan kunama, ganga ta juyo da na gaba. Sai ga sabon abu daga Jamus. A 1893 Hugo Borchardt ya fito da ƙaramar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, a 1896 kamfanin Mauser ya fito da tasa. Dabarar ita ce a yi amfani da ƙarfin harbin da aka yi: shi zai tura ƙarfen sama baya, ya tofar da kwanson da ya ƙone, sifirin ya dawo da shi ya ɗauko sabon harsashi daga gidansa. Kowane jan kunama harbi ɗaya ne, shi ya bambanta ta da mai jigida wadda ke zuba wuta muddin yatsa na kai.

Hafsan Ingila a lokacin da kuɗinsa yake sayen bindigar ƙugunsa, don haka kowa da zaɓinsa. Wani matashin hafsa, Winston Churchill, wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa a Indiya har ba ya iya sara da takobi yadda ya kamata, ya sayi Mauser mai cin harsashi 10. Da ita ya shiga cikin mayaƙan Mahadi a Omdurman ta Sudan ranar 2 ga Satumba, 1898, ya kuma yi ta yabonta daga baya, yana ganin ita ta fitar da shi da rai. Tsofaffin hafsoshi ba su yarda ba. Suka ce harsashinta siriri ne, yana ratsa mutum ya wuce bai tsayar da shi ba, ga tsada, ga wuyar ɗauka, kuma injin da ke da sassa masu motsi da yawa ba abin amincewa ba ne a ƙasar rairayi. Wanda ya san yadda ƙurar hunturu ke shiga har cikin kwanon da aka rufe a Kano ba zai ce sun yi ƙarya ba. Tsofaffin ne suka yi nasara, Ingila ta riƙe libarba har bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Daga nan duk sabuwar da ta fito amsa ce ga wani ƙorafi, ita ma ta haifi nata. Luger ta Jamus, wadda sojansu suka ɗauka a 1908, ta yi suna wajen saiti da daɗin riƙo, amma ƙirarta mai tsauri ce, ƙazanta kaɗan ke sa ta cije, ga tsadar yi. Amurkawa sun dawo daga yaƙin Filifin suna kukan cewa ƙaramin harsashin libarbarsu ba ya tsayar da mayaƙan Moro, sai suka ɗauki ƙirar John Browning a 1911, wato Colt mai harsashi 7 masu kauri. Masoyanta har gobe suna cewa ɗaya nata ya fi biyu na wata, masu sukarta suna cewa nauyi da bugun hannu sun yi yawa, kuma bakwai ba yawa ba ne. Browning ya rasu a 1926 yana aikin wata, Dieudonné Saive na kamfanin FN a Beljiyam ya kammala ta, ta fito a 1935 da sunan Hi-Power: harsashi 13 mai faɗin milimita 9. Wannan ce ta raba gardama ga ƙasashe da yawa. Ɓangarorin biyu duk sun yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta koma kanta daga baya, haka ma sojojin ƙasashe da dama da ta mulka, har da Nijeriya. Rasha kuwa ta yi Tokarev mai harsashi 8, mai sauƙin yi da jure wahala, amma ba ta da 'yar sakatar kulle kunama, abin da ya sa ake tsoron ɗaukar ta a ɗane.

Biyun da yaran majalisa suka fi sani su ne na baya-bayan nan. Beretta 92 ta Italiya, mai harsashi 15, sojan Amurka suka ɗauke ta a 1985, finafinai suka ƙarasa tallata ta. Ana yabon laushin harbinta, ana kukan girmanta ga mai ƙaramin hannu. Glock 17 kuwa ta fito daga Ostiriya a farkon shekarun 1980, daga hannun Gaston Glock, mutumin da kafin nan bai taɓa ƙera bindiga ba. Gangar jikinta roba ce mai tauri, sassanta kaɗan ne, tana cin 17. Da farko an yi mata dariya, aka kuma yaɗa cewa na'urar filin jirgi ba ta ganinta, wanda ba gaskiya ba ne, don bututunta da ƙarfen samanta ƙarfe ne. Yau 'yan sandan ƙasashe da yawa ita suke ratayawa, sojan Ingila ma sun bar Hi-Power sun koma kanta a 2013. Abin da ake yabonta da shi, cewa ba wata sakata ta waje da za ka tsaya buɗewa, shi ne kuma abin da ake sukarta da shi, don yatsan da bai da horo ba ya samun mai tsawata masa.

In ka kawo duk waɗannan gaban tsohon ma'aunin Kano, sakamakon zai ba masu gardamar waya mamaki. Wajen saurin maimaita harbi sun yi wa bindigar toka fintinkau, wannan ba magana. Amma bindigar toka maƙeri yana iya yin ta daga bututu, ya gyara ta in ta karye, albarushinta ana haɗawa a gida, abin ɗurinta ko guntun ƙusa ne ya wadatar. Shi ya sa ta rayu a hannun mafarauta da 'yan sintiri har yau. Mai ɗura wa kanta kuwa 'yar masana'anta ce tun daga sifirin har kwanso. Harsashin da ba nata ba ba ya shiga, wanda ya shiga in ƙarfinsa bai kai ba ba za ta juya ba, kuma mafi yawan cijewarta daga gidan harsashi ne da ya lanƙwashe ko sifirinsa ya saki. Duk wanda ya riƙe ta, ya ɗaura kansa da igiya zuwa wata masana'anta a wata ƙasa, irin igiyar da aka tsinke wa Alu a 1890. Nijeriya ta gane haka, shi ya sa ta kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna a 1964. Ƙananan bindigogi ƙirar gida da 'yan sanda kan baje a gaban 'yan jarida a Bompai, in ka duba, galibinsu masu cin harsashi ɗaya ko biyu ne, wato harba-ka-ruga ce ta sake riga.

Tambayar a hannun wa za ta kwana kuwa, Turawan mulki sun amsa ta irin yadda sarakuna suka amsa, sai dai sun mayar da mabuɗin aljihunsu. 'Yan dokan En'e kulki aka ba su. Dubban 'yan Arewa da aka kai Bama a runduna ta 81 da ta 82 doguwar bindiga suka saɓa, ƙaramar tana ƙugun hafsa, alamar muƙami ce kamar anini a kafaɗa. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Masu ɗuri ta baki, irin ta toka, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Na farauta na zamani, sai Sufeto Janar. Libarba da duk wata ƙaramar bindigar hannu kuwa, har da tsohuwar mai ƙanƙara, an zuba su a kaso ɗaya da igwa da bam da mai jigida, kason da aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa. Mutum zai yi mamaki, ta yaya abin da ya fi kowanne rauni ya zauna layi ɗaya da igwa? Rauninta ba shi ne abin dubawa ba. Doguwar bindiga tana sanar da zuwanta tun daga bakin lungu, ita kuwa wannan babbar riga ɗaya ta ishe ta, har ta shiga masallaci ko zaure a yi musabaha da mai ita.

Abin da ya sa ta dace da mai kai hari shi ne ya sa ba ta cika ceton wanda aka kai wa ba. Nisanta gajere ne, saitinta sai da horo mai yawa, kuma wanda aka yi wa kwanton ɓauna ba ya samun sakan biyun da zai zaro ta. Janar Murtala Muhammed, ɗan unguwar Kurawa a cikin birni, ya ƙi yawo da jerin gwanon motoci. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, cunkoso ya tsayar da baƙar Marsandinsa a Ikko, sojojin Dimka suka buɗe mata wuta. Abin da aka ruwaito shi ne, duk kariyar da ke tare da shi ba ta wuce ƙaramar bindigar odalinsa ba. Ba wanda ya tsaya tambayar wane samfuri ce.

Shekara 37 bayan haka, ranar 19 ga Janairu, 2013, 'yan bindiga suka tare motar Sarki Ado Bayero yana dawowa daga saukar karatu a masallacin da ke ɗauke da sunan Murtala. Direbansa da wasu dogarawansa suka mutu, 'ya'yansa biyu suka ji rauni, Sarki ya tsira. Waɗanda suka tare masa wuta da jikinsu suka tare. Kalmar 'yan bindiga ma, wadda tun zamanin Babba Zaki take nufin masu tsaron sarki, yau in ka ji ta a rediyo gabanka ne ke faɗuwa.

Na asalin suna nan dai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san su: a ƙasa suke tafe, da layu da dogayen bindigoginsu, su tsaya su ɗura ta baki kamar yadda aka yi shekara 250 da suka wuce, su ɗaga sama su saki, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, yara su toshe kunne suna dariya, dawakin da suka saba ko gezau. Albarushi ne zalla, ba dalma a ciki. Ƙarar ce saƙon: Sarki ya fito, Sarki ya iso. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. A Babbar Sallar shekarar, da rikicin sarauta ya raba gari biyu, 'yan sanda sun hana hawan saboda tsaro.